Bashin Dala 50 da Aka Rataya wa Shaiɗan: Fim ɗin Ricky 6 da Kisan Northport

A shekarar 2000, a bikin finafinan Fantasia da ake yi a Montreal ta ƙasar Kanada, an nuna wani fim mai suna Ricky 6. Peter Filardi ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni. Shi ne marubucin fim ɗin Flatliners na 1990, da hannunsa kuma a labarin The Craft na 1996. Vincent Kartheiser ya hau matsayin Ricky, saurayi ɗan ƙaramin gari da ƙwaya ta cinye, ya kama kiran sunan Shaiɗan, daga ƙarshe ya kashe abokinsa a daji. Bayan wannan biki fim ɗin bai samu shiga kasuwa yadda aka saba ba. Masu nemansa sun daɗe suna miƙa wa juna kwafinsa ta bayan fage, wannan kuwa ya ƙara masa kwarjini irin na abin da aka ɓoye.

An canza sunaye a fim ɗin, amma duk wanda ya bi labaran Amurka a 1984 zai gane inda aka ɗauko shi: kisan da Ricky Kasso ya yi wa Gary Lauwers a garin Northport, dukkansu 'yan shekara 17. Ba Filardi ne ya fara taɓa labarin ba. Jim Van Bebber ya yi gajeren fim a kansa a 1994, My Sweet Satan, sannan Black Circle Boys ya biyo baya a 1997. Dubi sunayen kawai. Biyu sun ambaci Shaiɗan ko ƙungiyarsa kai tsaye, na ukun ya ɗauko lamba shida daga 666 da Turawa ke dangantawa da shi. Duk sun shiga gidan ta ƙofar tsafi, alhali a cikin abin da ya faru a Northport babu ɓangaren da hujjarsa ta kai wannan rauni. Wannan shi ne abin da ke damuna da finafinan, domin abin da suka tura gefe ya fi abin da suka ɗora a gaba ban tsoro.

Northport ƙaramin gari ne a gaɓar arewa ta tsibirin Long Island, a jihar Niyok. Mutanensa ba su kai dubu 10 ba. Gari ne na masu rufin asiri, da tashar ƙananan jiragen ruwa, da babban titi mai tsofaffin shaguna, da gidaje masu koriyar ciyawa a ƙofa. Mahaifin Ricky malamin tarihi ne kuma kocin ƙwallon Amurka a sakandaren Cold Spring Harbor da ke kusa. Ke nan ba gidan yunwa yaron ya fito ba, ba kuma gidan da aka raina karatu ba. Tun yana ɗan shekara goma sha kaɗan ya fara da tabar wiwi, daga nan ya zarce LSD da PCP, wasu ƙwayoyin maye masu jirkita hankali. Makaranta ta gagara, zaman gida ma ya gagara. Ya koma kwana a daji, a cikin motoci, a garejin mutane, ko a ɗakin duk abokin da ya yarda ya shigo da shi a ɓoye. Tsaransa suka laƙaba masa Sarkin Asid, asid kuwa shi ne sunan da 'yan maye ke kiran LSD da shi.

Iyayensa sun yi ƙoƙari, wannan haƙƙinsu ne a faɗa. Sun taɓa kai shi asibitin ƙwaƙwalwa don a raba shi da ƙwaya. A farkon 1984 'yan sanda suka kama shi da laifin tone wani tsohon kabari a maƙabartar yankin. Ba a yi wata guda ba nimoniya ta kwantar da shi a asibiti, abin da ba zai ba kowa mamaki ba ga mai kwana a waje cikin sanyin wannan ƙasa. Iyayen suka roƙi likitoci su riƙe shi ko da bai yarda ba. Likitocin ƙwaƙwalwa suka duba shi, suka ce lallai yana da halin bijire wa jama'a, amma hankalinsa bai gushe ba, kuma ba su ga alamar zai cutar da wani ba. Aka sallame shi. Ma'aunin da suka yi aiki da shi yana da asali mai kyau: tun 1975 Kotun Ƙolin Amurka ta hana a tsare mutum a asibitin ƙwaƙwalwa bisa tilas in ba shi da haɗari, saboda a da an zalunci mutane da yawa ta wannan hanya. Sai dai tsakanin tsarewar tilas da sakin yaro ya koma daji akwai fili mai faɗi, kuma a wannan fili babu wanda ya tsaya masa. Yaro ɗan shekara 17, a garin da mutane da yawa suka san ubansa, ya fito daga gadon asibiti ya koma kwana ƙarƙashin bishiya.

Asalin rigimarsa da Gary kuwa ba ta wuce ta kasuwar ƙwaya ba. A wani taron shaye-shaye Ricky ya bugu ya ɓingire. Gary ya zura hannu a aljihun rigarsa ya kwashe ƙulli 10 na PCP. Da asiri ya tonu sai ya mayar da 5, ya yi alkawarin biyan dala 50 kuɗin sauran da aka riga aka sha. An ruwaito cewa Ricky ya lakaɗa masa duka fiye da sau ɗaya a kan wannan bashi kafin ranar da abin ya faru.

Dala 50 ba kuɗin kashe rai ba ne a wurin mai hankali, amma a duba matsayin Ricky. Ba shi da gida, ba shi da aiki, ba shi da makaranta. Da ƙwayar yake ci, da ita kuma yake da suna a cikin tsaransa. Wanda aka yi wa sata a halastacciyar kasuwa yana da ofishin 'yan sanda da kotu. Dilan ƙwaya ba shi da inda zai kai ƙara, jarinsa kawai shi ne a ji tsoronsa. Ranar da aka ji cewa an cire kaya daga aljihunsa an kwana lafiya, daga ranar kowa zai gwada. Wannan lissafi ne da duk mai kallon finafinan 'yan daba ya sani, ba ya buƙatar kyandir ko zanen tauraro a ƙasa.

Sai kuma abin da ke cikin jininsu. Kamfanin Parke-Davis ne ya fito da PCP a shekarun 1950 a matsayin maganin sa barci a ɗakin tiyata, da sunan Sernyl. Majiyyata suka riƙa farkawa a firgice, suna sambatu, suna ganin abin da babu. A 1965 aka daina amfani da shi ga mutane, aka bar wa likitocin dabbobi, su ma aka hana su a 1978. A titi ana kiransa ƙurar mala'iku, ana barbaɗa shi a kan wiwi ko wani ganye a zuƙa. Aikinsa a ƙwaƙwalwa shi ne toshe wasu ƙofofi da saƙonni ke bi tsakanin jijiyoyi, waɗanda masana ke kira NMDA. Mutum sai ya ji ya rabu da jikinsa, zafi ba ya isa gare shi, zargi ya cika masa zuciya. Halin da yake jefa mutum ya yi kama da taɓin hankali mai tsanani, har masu bincike kan ba dabbobi shi idan suna son nazarin wannan ciwo. LSD kuma hanyarsa daban. Yana iya riƙe mutum awa 8 zuwa 12, yana jirkita gani da ji, kuma yana sa komai ya zama kamar yana ɗauke da saƙo na musamman gare ka. Daga baya Ricky ya riƙa ba da labari cewa bayan kisan ya ji hankaka ya yi kuka, ya ɗauki kukan a matsayin amincewar Shaiɗan. Hankaka dai yana kuka a dajin Long Island kowace rana. Kunnen da ya ji magana a ciki shi ne abin dubawa.

Ba na cewa ƙwaya ce ta yi kisan. Dubban matasan Amurka sun sha waɗannan abubuwa a shekarar ba su kashe kowa ba. Masu ɗora komai a kan ƙwaya suna neman irin sauƙin da masu ɗora komai a kan tsafi ke nema. Amma idan aka haɗa shekaru ana zuba wa ƙwaƙwalwar da ba ta gama nuna ba irin waɗannan sinadarai, da rashin wurin kwana, da gabar bashi, da wuƙa a aljihu, to an kusa gama bayanin kafin a zo kan Shaiɗan.

A tsakiyar watan Yuni na 1984 su huɗu suka shiga dajin Aztakea da ke gefen garin: Ricky, Gary da wasu abokai biyu. Sun sha wasu ƙananan ƙwayoyi da ake sayarwa da sunan meskalin, waɗanda ake kyautata zaton LSD ne. Suka yi ta fama da hura wuta, itacen a jiƙe yake. Aka sa safar Gary a wutar, aka yanke hannuwan rigarsa ta jins aka ƙara. Wannan ƙaramin abu ya fi tsaya min a rai fiye da duk zancen tsafin, domin yana nuna matsayin Gary a wurin: wanda ake bi bashi, wanda kayan jikinsa ne makamashi, kuma bai iya cewa a'a ba. Daga nan magana ta zama kokawa, Ricky ya zaro wuƙa. Bisa ga abin da aka ruwaito, yana sukarsa yana umartarsa ya ce yana son Shaiɗan, Gary kuwa yana cewa mahaifiyarsa yake so. Suka rufe gawar da ganye da rassa suka fito.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar al'amarin. Ricky bai ɓoye ba. Ya riƙa faɗa da bakinsa, waɗanda suka ƙaryata shi kuma ya riƙa jansu zuwa dajin su gani da idonsu. Matasa da dama sun gani, waɗanda suka ji sun fi haka yawa. Sun koma gida sun ci abincin dare da iyayensu. Sun kwana, sun tashi, sun sake haɗuwa a dandalin bakin ruwa inda suka saba zama. Mako biyu cur aka yi a haka. Shi ma Gary ya saba yin kwanaki ba a gida ba, don haka rashin ganinsa bai tayar da ƙura nan take ba. Sai a farkon Yuli wani ya tsegunta wa 'yan sanda ba tare da bayyana sunansa ba. Ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin Amurka, karnukan 'yan sanda suka gano gawar. Washegari aka kama Ricky da ɗaya daga cikin abokan. Ranar 7 ga Yuli ya kashe kansa a gidan yarin Riverhead.

Tsakanin kamun da mutuwar aka ɗauki hoton da ya mayar da rigimar bashi ta zama labarin duniya. Ricky ne ɗaure da ankwa, gashi a hargitse, ido a zazzare, yana murmushi ga masu ɗaukar hoto, sanye da riga mai tambarin ƙungiyar mawaƙan AC/DC. Jami'ai suka fara maganar wata ƙungiyar asiri mai suna Knights of the Black Circle, wato mayaƙan baƙar da'ira. Jaridu suka ɗauka suka ƙara gishiri: an yi yanka ne don bauta, akwai mabiya da suka kewaye wuta. Da ƙura ta lafa sai ta bayyana cewa ƙungiyar tarin wasu samari ne 'yan shaye-shaye da suka raɗa wa kansu suna mai ban tsoro, ba su da shugabanci ko aƙida ta a zo a gani, kuma alaƙar Ricky da su ma ba ta da ƙarfi. Hukumomin da kansu suka dawo kan maganar ƙwaya. Amma gyara ba ya tafiya da saurin labarin farko.

A watan Nuwamba na shekarar, ɗan jarida David Breskin ya buga dogon rahoto a mujallar Rolling Stone mai taken Kids in the Dark. Ya zauna da yaran garin ya bar su suka yi magana da bakinsu, kuma abin da ya fito daga bakin nasu zaman banza ne, da maye, da gidajen da ba a hira a cikinsu. A 1987 David St. Clair ya fitar da littafin Say You Love Satan, wanda aka zarga da kwasar aikin Breskin ba izini, ya kuma cike gurabe da abin da ya ƙaga. A kan wannan littafi aka gina Ricky 6. A bi silsilar a gani: daga bakin yaran da suke a buge a daren, zuwa ofishin 'yan sanda, zuwa jaridun neman ciniki, zuwa littafin kasuwa, zuwa fim. Kamar kan sarki ne da ake bugawa a kan wani kan sarki, kowane bugu tawadar tsafi na ƙara kauri, rubutun da ke ƙasa na ƙara dushewa. Sai a 2018 Jesse Pollack ya fitar da littafin The Acid King bayan ya koma ya tattauna da mutanen da abin ya faru a gabansu, don a rage wannan tawada.

Me ya sa Amurka ta karɓi fassarar tsafi hannu bibbiyu? Domin ta zo a kan gaɓa. A 1980 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Lawrence Pazder, ya fitar da littafin Michelle Remembers, inda majinyaciyarsa ta ce ta tuno yadda matsafa suka azabtar da ita tana yarinya. Bincike daga baya bai gano abin da ya gaskata labarin ba, amma ya riga ya bazu. A 1983 aka fara zargin ma'aikatan makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya da irin wannan ta'asa. Aka yi ta shari'a har 1990, aka kashe kimanin dala miliyan 15, ba a samu ko mutum ɗaya da laifi ba. A Satumban 1985 wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna sauraron koke kan kalmomin waƙoƙi, bisa matsin ƙungiyar iyaye da Tipper Gore, matar Sanata Al Gore, ke cikin jagororinta, AC/DC na cikin jerin waɗanda suka sa wa ido. A 1988 ɗan jaridar talabijin Geraldo Rivera ya yi shiri na musamman a tashar NBC kan bautar Shaiɗan, miliyoyi suka kalla. Sai a 1992 Kenneth Lanning, jami'in FBI da ya shafe shekaru yana bin irin waɗannan ƙararraki, ya rubuta rahoto cewa bai samu hujjar wata shiryayyar ƙungiyar matsafa da ke yanka mutane a faɗin ƙasar ba.

Rahoton bai hana abin da ya faru a West Memphis ta jihar Arkansas ba. A 1993 aka kashe yara uku 'yan shekara 8. Aka kama samari uku, aka kafa hujja da baƙaƙen tufafinsu da kiɗan da suke saurare da littattafan da ɗayansu ke karantawa. A 1994 aka yanke wa ɗaya daga cikinsu, Damien Echols, hukuncin kisa, sauran biyun ɗaurin rai da rai. Sai a 2011 aka sake su, bayan shekara 18 a tsare. Firgicin da hoton Ricky ya taimaka wajen hurawa ya ci rayuwar wasu da ba su taɓa jin sunan Northport ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan zurfi. Idan ƙungiyar matsafa ce ta kashe Gary, to abokin gaba daga waje ya shigo, garin kuma abin tausayi ne da aka kai wa hari. Maganin sai ya zama mai sauƙi: a ƙone faifan waƙa, a hana baƙar riga. Idan kuwa yaro ne da kowa ya gani yana lalacewa shekara da shekaru, ya kashe wani yaron a kan dala 50, 'ya'yan mutane kuma suka gani suka yi gum mako biyu, to tambayar ta shigo falon kowa. Fassarar tsafi ta wanke manya, shi ya sa ta yi kasuwa.

Na san mai karatu Musulmi ko Kirista zai ce: to ai Shaiɗan gaskiya ne, kuma wanda ya yi kisa yana kiran sunansa aikinsa ya yi. Ban musa ba. Amma a tuna abin da aya ta 22 ta Suratu Ibrahim ta hakaito cewa Shaiɗan zai faɗa wa mabiyansa ranar da aka gama hukunci: ba shi da wani iko a kansu, kira kawai ya yi suka amsa, don haka kada su zarge shi, su zargi kawunansu. Imani da samuwar Shaiɗan bai taɓa ɗauke wa ɗan Adam alhaki ba, bai kuma ɗauke wa al'umma tambayar me ya sa kiran ya samu kunne a wurin wannan yaro ba. A nan gida ma mukan ji iyaye na cewa sammu aka yi wa ɗansu, alhali kwalaben kodin na ƙarƙashin katifarsa. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwaya a ƙasar sun kai miliyan 14.3. Duk watan da aka ɓata ana neman wanda ya yi asirin, wata ne da ba a kai yaron wurin likita ba.

To me tsafin ya yi wa Ricky, tunda dai ya riƙe shi? An ce ya karanta The Satanic Bible na Anton LaVey, littafin 1969 da ake sayarwa a shagunan littattafai kamar kowane. Shi kansa LaVey, wanda ya kafa Cocin Shaiɗan a San Francisco a 1966, bai yarda akwai wani halitta mai suna Shaiɗan ba, alama ce kawai ya ɗauke shi ta son kai da bijirewa. Babu alamar Ricky ya damu da wannan falsafa. Abin da ya samu ya fi haka sauƙi. A garin da ake auna saurayi da makin jarrabawa, da ƙwallo, da jami'ar da za ta ɗauke shi, ɗan koci ya faɗo daga kowane tsani. Yaron da ke kwana a mota abin tausayi ne, ko abin dariya. Yaron da ya tone kabari, wanda ake raɗe-raɗin yana magana da Shaiɗan, abin tsoro ne. Tsakanin a tausaya maka da a ji tsoronka, saurayi mai shekara 17 da zuciyarsa ta cika da haushi ya san wanda zai zaɓa. Sunan Shaiɗan ya ba shi girman da babu wanda zai iya ƙwacewa, ya kuma taimaki kasuwarsa, domin mai bin bashi da ake tsoro ba a ja masa rai.

A nan ne matsalar fim take. Kyamara tana son wuta a duhu, da maƙabarta, da launukan da mai maye ke gani. Ba ta son yunwa, da warin rigar da ta yi mako ba wanki, da awa shida na zaman banza a kan benci. Duk daraktan da ya ɗauki kyakkyawan jarumi ya tsayar da shi gaban wuta yana kiran Shaiɗan, ya ba Ricky abin da ya nema tun farko, wato a gan shi babba mai ban tsoro. Niyyar darakta na iya zama gargaɗi, amma yaron da ke kallo a ɗakinsa, wanda shi ma yake jin babu mai ganinsa, darasin da zai ɗauka daban ne: ga wanda aka raina, yanzu har fim aka yi a kansa. Gary kuwa, wanda aka kashe, yakan koma ɗan rakiya a labarin mutuwarsa.

Akwai fim ɗin da ya bi ɗaya hanyar, shi ya sa nake ganin ya fi faɗin gaskiyar Northport duk da ba a kanta aka yi shi ba. River's Edge ne, na 1986, wanda Neal Jimenez ya rubuta, Tim Hunter ya ba da umarni. An samo shi daga abin da ya faru a Milpitas ta Kalifoniya a 1981, inda ɗan shekara 16 ya kashe yarinya 'yar shekara 14, ya riƙa kai 'yan makarantarsu suna kallon gawar. A fim ɗin akwai wiwi, akwai ƙwayoyi, akwai kiɗa mai amo irin wanda Ricky ke so, amma babu tsafi ko kaɗan. Saurayi ya shaƙe budurwarsa a bakin kogi, ya zo makaranta ya faɗa, aka ɗauka wasa yake, ya kwashe abokai ya kai su. Suka tsaya a kan gawar ƙawarsu suna kallo, babu mai kuka, babu mai gudu. Wanda ya fi kowa motsi a cikinsu, wanda jarumi Crispin Glover ya hau matsayinsa, duk zafinsa a kan yadda za a rufa wa mai kisan asiri ne, yana kiran hakan amana. Da wanda jarumi Keanu Reeves ya hau matsayinsa ya je wurin 'yan sanda, jami'in ya tambaye shi me ya ji da ya ga gawar, ya kasa ba da amsa. Wata yarinya a cikinsu tana mamakin kanta: ta yi kuka saboda mutuwar wani a fim ɗin talabijin, ga shi ta kasa yi wa wadda suke yawo tare.

Wannan shirun shi ne abin da ya cancanci awa biyu na fim, kuma yana da dalilai da za a iya bi ɗaya bayan ɗaya. Yaran Northport suna tsoron Ricky, sun ga abin da ya iya. Da yawansu abokan cinikinsa ne, zuwa wurin 'yan sanda na nufin tona wa kai asiri a gaban iyaye. Akwai dokar tsara da ta haramta kai tsegumi wurin manya. Akwai kuma abin da ke faruwa idan masu gani sun yi yawa, kowa na jiran wani ya fara. Amma duk waɗannan ba za su riƙe mako biyu ba da a ce kowane ɗayansu yana da babba guda, uwa ko kawu ko malami ko limamin coci, wanda zai iya zuwa wurinsa da magana mai nauyi ba tare da tsoron a fara da hukunta shi ba. Gidajen suna da firji cike da abinci da mota a ƙofa, amma yaran sun gina duniyarsu daban, manya ba su san ƙofarta ba.

Shari'ar abokin da aka kama tare da Ricky ta zo a 1985. Ya sa hannu a takardar amsa laifi cewa ya taimaka, daga baya ya janye. Na huɗun da ke dajin an ba shi kariya daga tuhuma don ya ba da shaida, sai labarinsa ya riƙa sauyawa. Lauyan wanda ake tuhuma ya tsaya a kan magana ɗaya: duk waɗanda ke wurin a daren LSD ya jirkita musu gani da tunani, ba za a iya rantsuwa da abin da suka ce sun tuna ba. Daga waɗannan bakuna ne jumlar nan ta son Shaiɗan ta fito, wadda jaridu da littafi da finafinai suka ɗauka tamkar an naɗe ta a faifai. Masu taya alƙali hukunci sun ga ba za su iya ɗaure mutum bisa irin wannan shaida ba, a watan Afrilu suka wanke shi. Ricky ya mutu kafin a gurfanar da shi, don haka babu wanda kotu ta taɓa samu da laifin kisan Gary Lauwers.